Laifukan da Ba Sa Shiga Littafin 'Yan Sanda

A ƙasar Meksiko, hukumar ƙididdiga tana bin gidaje duk shekara tana tambayar mutane: a shekarar da ta wuce an yi maka sata, ko fashi, ko damfara, ko barazana? In an yi, ka kai ƙara? Tun 2011 da aka soma wannan bincike, amsar ba ta sauya ba. Cikin kowane laifi 100 da mutane suka ce an yi musu, fiye da 90 ko dai ba a kai wa hukuma ba, ko kuma an kai amma ba a buɗe bincike ba. Da aka nemi jin dalili, abin da aka fi faɗa shi ne zuwa ofis ɓata lokaci ne. Rashin yarda da hukuma ma yana cikin dalilan da ke sahun gaba.

Lamarin Meksiko ya kai maƙura, amma duk ƙasar da ta yi irin wannan bin gida-gida sai ta tarar da giɓi mai faɗi. Amurka ta fara nata a 1973, Ingila da Wales kuma a 1982. A Amurka, tsakanin 2006 da 2010, kashi 52 cikin 100 na laifukan da suka taɓa jikin mutum, irin su duka da fashi da fyaɗe, ba su kai kunnen 'yan sanda ba. Kimanin laifi miliyan 3.4 ke nan a kowace shekara. A Ingila da Wales, kusan 4 cikin 10 ne ke isa ofis. Waɗannan ƙasashe ne masu motocin sintiri da lambar kiran gaggawa da ɗakunan gwaje-gwaje, don haka ba za a ɗora laifin duka a kan rashin kayan aiki ba.

An daɗe da hango wannan matsala. Faransa ta fara buga ƙididdigar shari'o'in laifi a 1827, kuma 'yan shekaru bayan haka Adolphe Quetelet, wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, ya ja kunnen masu amfani da ita. Ya ce duk abin da za a gina a kan waɗannan alƙaluma ya rataya ne a kan zato guda, wato kason laifin da aka sani da wanda ba a sani ba yana nan daram, ba ya motsi. In zaton ya faɗi, ginin ya rushe. Shi ya karɓi zaton don aikinsa ya tafi, amma abin da aka gani daga baya ya nuna kason yana motsi ƙwarai. Yana hawa yana sauka gwargwadon irin laifin, da wanda aka yi wa, da wanda ya yi, da kuma abin da mutane ke sa ran za su tarar in sun taka ƙafa ofishin 'yan sanda.

Satar mota ce ta fi fito da wannan fili. A cikin alƙaluman Amurka na waɗancan shekaru, kashi 17 cikin 100 kacal na satar mota ne ba a kai rahotonsa ba, alhali a ƙananan sace-sace kashi 67 ne aka yi shiru a kai. Mutanen su ne dai, 'yan sandan ma su ne. Mai mota yana garzayawa ofis saboda kamfanin inshora ba zai biya shi ba sai da takardar 'yan sanda, saboda mota tana da lambar da za a iya bin sawunta, kuma saboda yana tsoron a yi wani ta'asa da ita a zo a kama shi. Akwai riba a fili, sai ya tafi. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba a ɗauki shirun wanda aka cuta a matsayin jahilci ko sakaci. Lissafi ne. Mutum yakan auna abin da zai kashe da abin da zai samu, kuma sau da yawa lissafinsa daidai yake fita.

Ɗauki wanda aka fizge wa waya da yamma a hanyarsa ta komawa gida. Kafin ya kwanta ya gama awo a ransa. Gobe zai rasa aikin yini, ko rabinsa. Zai zauna kan benci yana jiran layi. In layi ya zo kansa za a tambaye shi lambar jikin wayar da rasidin saye, waɗanda bai san inda ya ajiye su ba. Za a ce ya kwatanta ɓarawon da bai gani ba sai ƙeyarsa. A ƙarshe a karɓi lambar wani ɗan'uwansa a ce za a neme shi. Ya san mutane da dama da aka ce za a nema, bai san wanda aka nema ba. Alƙaluma ma suna bayansa: a Amurka a 2022, cikin fasa gidaje da aka kai rahoto, kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai 'yan sanda suka warware. To da wane baki za a ce masa bai yi hankali ba da ya haƙura ya sayi wata?

Ya kamata a yi wa 'yan sanda adalci a nan, domin ba kowane shiru ne ke nuna an yanke musu ƙauna ba. A wancan binciken na Amurka, dalilin da ya fi kowanne yawa, kusan kashi ɗaya bisa uku, shi ne an magance abin ta wata hanya: an gaya wa mai gadi, ko shugaban makaranta, ko an sasanta a tsakani. Wasu kuma suka ce abin bai kai ya kawo ba. Al'ummar da kowace 'yar hatsaniya sai ta kai gaban hukuma ba lafiya gare ta ba. Yara biyu sun yi dambe, manya sun raba sun yi musu faɗa, magana ta mutu, babu wanda ya yi asara. Masu bincike a ƙasashe da yawa sun kuma gano cewa girman ɓarnar, wato yawan asara ko munin rauni, shi ne ya fi komai tura mutum ofis.

Sai dai kalmar sasantawa tana da fuska biyu, kuma a nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Yawancin mugayen laifuka ba baƙo ne ke yin su ba. Miji ne, ko kawu, ko malami, ko ubangida a wurin aiki, ko maƙwabcin da za a ci gaba da haɗuwa da shi kowace safiya. Kai ƙarar baƙo yana cin yini guda. Kai ƙarar na gida yana iya cin muhalli da abinci da zumunci da suna gaba ɗaya. Matar da mijinta ke duka ta san in aka kulle shi babu mai biyan kuɗin haya, ta kuma san in aka ba da belinsa gobe gida zai dawo, da fushi sabo. Sai dangi su taru a ce a rufa asiri, a kashe maganar a cikin gida. Asirin wa aka rufa? Kusan kullum na mai laifin ne, ita kuwa aka bar ta da ciwonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun nuna a yawancin ƙasashe waɗanda ke neman taimako ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, cikin masu neman ma waɗanda ke zuwa wurin 'yan sanda ba su kai kashi 10 ba.

A Ingila da Wales, cikin waɗanda aka yi wa fyaɗe, ƙasa da 1 cikin 6 ne suka kai ƙara. Dalilan da suka bayar su ne kunya, da ganin 'yan sanda ba za su iya komai ba, da tsoron wulaƙanci. Wannan na ƙarshen yana da siffa da kowa zai iya gani. Yarinya ta yi kwana da kwanaki tana tattara ƙarfin hali, ta iso kanta. Bayanta mutane ne zaune, kowa da abin da ya kawo shi, kunnuwa a buɗe. Jami'in da ke bakin aiki bai ɗago kai ba ya ce ta ɗaga murya ba ya jin ta. Ta faɗa. Ya kira wani ya ce ta sake faɗa. Sai tambayoyi su biyo: me kika je yi wurinsa, ƙarfe nawa ne, me kika sa a jikinki, me ya sa ba ki yi ihu ba, me ya sa sai yau kika zo? Mai yiwuwa jami'in a ransa bincike yake yi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne ita ake tuhuma. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. In ta fita daga nan ba za ta dawo ba, kuma ƙawarta da ta raka ta, ranar da abin ya same ta, ba za ta zo ba sam.

Akwai kuma waɗanda ofishin kansa ne abin tsoronsu. Baƙon haure da aka hana haƙƙin aikinsa ya san in ya je, takardunsa za a fara tambaya. Wanda aka yi wa fashi a inda bai kamata a gan shi ba yana tsoron mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Ɓarayi sun san waɗannan mutane sarai, shi ya sa suke zaɓen su. A wasu wurare kuma taimakon kansa na sayarwa ne. Binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Afrobarometer a ƙasashen Afirka 39 tsakanin 2021 da 2023 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka nemi taimakon 'yan sanda sai da suka ba da cin hanci. Wanda aka yi wa sata sau ɗaya, mene ne zai kai shi inda za a sake karɓar wani abu a hannunsa?

Duk wannan kafin a kai ga biro da takarda ke nan. Mutane da yawa suna zaton da zarar an faɗa wa ɗan sanda, laifi ya shiga littafi. A 2014 hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales ta bi diddigin ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka kai, ta tarar kashi 19 cikin 100 ba a rubuta su a matsayin laifi ba, fiye da 800,000 a shekara. A laifukan lalata kashi 26 ne, a na duka da raunatawa kashi 33. A farkon 2014 ɗin ma hukumar kula da ƙididdiga ta Birtaniya ta janye tambarin ingancinta daga alƙaluman 'yan sanda. Shekara shida bayan haka aka sake samun rundunar yankin Manchester da barin laifi sama da 80,000 ba a rubuce ba cikin shekara guda. A Indiya ƙin karɓar ƙara ya yi ƙamari har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa wajibi ne ɗan sanda ya rubuta rahoton farko muddin abin da aka faɗa masa babban laifi ne.

Me zai sa ɗan sanda ya ƙi rubutawa? Wani lokaci ganda ce, wani lokaci aiki ne ya yi masa yawa. Amma akwai dalilin da daga sama yake saukowa. In aka ce za a auna shugaban ofis da raguwar laifi a yankinsa, ƙarin girmansa ya rataya a kan haka, to an nuna masa gajeruwar hanya. Rage fashi a titi aiki ne na shekaru. Mayar da fashi ya zama ɓacewar kaya a takarda aikin minti biyu ne. Gwamnatin da ke yaba wa jami'anta saboda ƙarancin alƙaluma, ba tare da wata hanya ta daban ta tantance gaskiyarsu ba, tana koya musu korar mai ƙorafi ne, ko da ba haka ta nufa ba.

To ita yardar, daga ina take fitowa? An daɗe ana ɗauka cewa sakamako ne ke haifar da ita: ka kama ɓarayi, jama'a su yarda da kai. Sakamako yana da nasa matsayi, babu musu. Amma Tom Tyler, wani masanin halayyar ɗan Adam da ya yi hira da mazauna birnin Shikago a shekarun 1980, ya gano wani abu da bincike a ƙasashe da yawa ya ƙarfafa daga baya. Mutane sun fi auna hukuma da yadda ta bi da su. An bar ni na faɗi nawa? An saurare ni ba tare da duba ko ni wane ne ba? An mutunta ni? Na ga alamar wannan jami'in ya damu da abin da ya same ni? Wanda aka yi wa haka, ko wayarsa ba ta dawo ba, yakan fita da girmansa, kuma gobe in ya ga wani abu zai kira. Ni wannan binciken yana ƙarfafa mini guiwa, domin sauraro da mutuntawa ba sa jiran sabon kasafin kuɗi.

Wahalar ita ce gini da rushewa ba saurinsu ɗaya ba. Wesley Skogan, wani mai bincike ɗan Amurka, ya nuna a 2006 cewa mummunar haɗuwa guda da ɗan sanda tana da tasirin da ya ninka na kyakkyawa sau 4 zuwa 14. Kuma ba lallai abin ya faru a kanka ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Maris na 2021 wani ɗan sandan Landan ya nuna wa wata mata mai suna Sarah Everard katin shaidarsa, ya sa mata ankwa da sunan kamu, ya tafi da ita ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Bayan shekara biyu, binciken da Louise Casey ta jagoranta ya yanke cewa wariyar launin fata da raina mata sun yi saiwa a cikin rundunar. Matan da ba su taɓa shiga ofis ba su ma sun karanta labarin. A Amurka, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2020, shekarar da ɗan sanda ya kashe baƙar fatan nan George Floyd, ta nuna kashi 56 cikin 100 na farar fata sun yarda da 'yan sanda, baƙar fata kuwa kashi 19. Birni guda, runduna guda, amma abin da uwa ke gaya wa ɗanta in ya ga motar sintiri ya sha bamban daga unguwa zuwa unguwa.

Asarar ba ta tsaya kan wanda ya yi shiru ba. Ɗan sanda ba ya ganin laifi da idonsa sai nadiran. Yawancin abin da yake kamawa, wani ne ya kira, wani ya nuna, wani ya yarda ya tsaya a kotu ya ba da shaida. In waɗannan suka janye, bincike ya tsaya cak, mai laifi ya ci gaba da yawo, jama'a su ƙara tabbatar wa kansu cewa zuwa ofis ba shi da amfani. Motocin sintiri kuma sai a tura su inda littafi ya nuna akwai laifi, a bar inda aka fi shan wuya saboda takarda ta nuna lafiya lau. Jimmy Savile, fitaccen mai gabatar da shirye-shirye a Birtaniya, ya mutu a 2011 ba a taɓa gurfanar da shi ba. Bayan mutuwarsa kimanin mutum 450 suka fito da ƙorafi a kansa, aka rubuta laifi 214 da suka faro tun 1955. Wasu sun kai ƙara tun yana raye, ba a je ko'ina ba. Kowane ɗaya ya zaci shi kaɗai ne, kuma wa zai yarda da shi? Inda kuma mutane suka gaji da jira, sukan ɗauki doka a hannu, kuma taron da ya fusata ba ya tsayawa tambayar shaida.

Ana iya gyarawa, an kuma gani. A 2004 sabuwar gwamnatin ƙasar Jojiya ta sallami dubban 'yan sandan kan hanya da suka shahara da karɓar na goro, ta ɗauki sababbi da albashi mai kyau, cikin 'yan shekaru karɓar kuɗi a titi ya kusa ɓacewa, ko da yake hotunan azabtar da fursunoni da suka fito a 2012 sun nuna gyaran bai ratsa ko'ina ba. A Ireland ta Arewa, inda mabiya ɗarikar Katolika suka daɗe suna kallon 'yan sanda a matsayin abokan gaba, an sauya wa rundunar suna da tsari a 2001, aka kafa ofishi mai zaman kansa na karɓar ƙorafi a kan jami'ai, aka raba ɗaukar aiki rabi da rabi tsakanin 'yan Katolika da sauran jama'a. Sai da aka yi shekara goma kafin 'yan Katolika su tashi daga kusan kashi 8 cikin 100 na rundunar zuwa kusan 30. Birazil kuma ta buɗe ofishin 'yan sanda na mata zalla a birnin Sao Paulo tun 1985, don mace ta sami ɗakin da za ta yi magana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya ga yi wa jama'a wa'azin su riƙa kai rahoto. Duk sun taɓa abin da mutum zai tarar ne in ya je.

Sai dai wanda zai yi gyaran gaskiya dole ya shirya wa wani abu mai ɗaci: alƙaluma za su hau. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar bas a Delhi a Disamban 2012, wanda ya yi ajalinta, aka yi zanga-zanga, aka sauya doka, ƙin rubuta ƙarar fyaɗe ya zama laifi a kan ɗan sanda. Ƙararrakin fyaɗe a Indiya suka tashi daga 24,923 a 2012 zuwa 33,707 a 2013. Da wuya a ce masu aikatawa ne suka ƙaru haka cikin wata goma sha biyu. Abin da ya fi kama hankali shi ne baki ya buɗe, biro kuma ya motsa. Haka aka gani a Ingila da Wales bayan 2014, laifukan da ke littafin 'yan sanda suka yi ta hawa alhali binciken gida-gida bai nuna irin wannan hawan ba, kuma hukumar ƙididdiga ta danganta babban kason ƙarin da gyaran rubutu da kuma fitowar waɗanda a da suke shiru. 'Yan adawa za su ɗauki alƙaluman su ce tsaro ya taɓarɓare, kuma shugaban da ba shi da binciken gida-gida a hannunsa ba shi da abin kare kansa.

Buɗe ƙofa kuma alkawari ne, dole a tanadi masu bincike da masu gabatar da ƙara da kotunan da za su ɗauki waɗanda suka shigo. A nan Ingila da Wales suka yi tuntuɓe. A shekarar da ta ƙare Maris 2015, kashi 15.5 cikin 100 na laifukan da aka rubuta ne suka kai ga gurfanarwa. Zuwa Maris 2022 abin ya faɗo kashi 5.6, na fyaɗe kuma bai ma kai kashi 2 ba. Dubban mutanen da aka roƙa su fito sun fito, sun ba da bayani, wasu sun miƙa wayoyinsu an bincike rayuwarsu kaf, sun yi jiran watanni da shekaru, mafi yawansu kuma ba su ga kowa ya tsaya gaban alƙali ba.